Mai Ɗumama Mota

Litinin, 14 ga Janairu, 2019

Sansanin ma'aikata, arewa da Fort McMurray. Na sauka daga dutin dare, bayana kamar an daka shi a turmi. Na tarar da saƙon 'yata Corinne a waya, na farko tun Kirsimeti, shi ma na Kirsimetin bai cika layi ba. Wai mawaƙan Gannet Row za su yi wasa a Edmonton ranar tara ga watan gobe, zagayen ban-kwana, ta sayi tikiti biyu. A ƙasa ta ƙara: "In ba za ka zo ba, faɗa min yanzu. In kuma za ka zo ka tashi a tsakiya, gara ka zauna inda kake. Ba zan sake tambaya ba, Baba."

Uwarta sak. Ba ta ɗaga murya, sai dai ta ajiye maka magana a gabanka ta koma gefe.

Ban amsa ba. Barci.

Laraba, 16 ga Janairu

Gannet Row. 'Yan tsibirinmu ne, Newfoundland. Tun ina saurayi nake jin su, kaset ɗinsu na farko har ya tsinke a motata na ɗaure shi da salatif. Amma ban taɓa ganinsu ba. Lokacin da suke wasa a St. John's ina kan teku. Da aka hana kamun kifi na taho yamma neman abinci. Da suka biyo mu yamman, ina duti. Kullum ina duti.

Matata Loretta ta sha cewa za mu je wata rana. Allah ya jiƙanta, ta riga wata ranar tafiya.

Akwai waƙarsu guda, Fitilar Baya, a kan mutumin da ke tsaye a bayan jirgin ruwa yana kallon tsibiri yana ƙanƙancewa. Waƙar Loretta ce. Ban sake saka ta ba tun jana'iza. Sauran ina ji.

Asabar, 19 ga Janairu

Na yi kuskuren gaya wa Cyril Hickey a wurin cin abinci. Ɗan gaɓarmu ne, ɗakinsa na jikin nawa, tifarsa irin tawa, bakinsa kuma ba ya hutu. Ya ajiye cokali ya ce, "Wince, kai a gidan rawa? Ai kafin su gama gyara jita kana waje kana ɗumama mota." Teburin duka ya ɗauka da dariya.

Na ce wani dai dole ya ɗumama ta.

Ya ce, "Mutanen kirki sun sa rimot, tsoho. Ka danna daga inda kake zaune, mota ta tashi da kanta. Kai ne kaɗai a Alberta mai tafiya da ƙafa ya gaishe da injinsa."

Na ce ranar da na kasa takawa zuwa motata, a binne ni a cikinta. Ya ce ai can za a same ni dama.

Talata, 22 ga Janairu

Sanyi har gashin hanci na daskarewa. Kwana da yini ina kwasar baƙar ƙasa daga rami zuwa inji, daga inji zuwa rami. Kamfanin nan bai taɓa makara da albashi ba, wannan gaskiyarsu ce. Sai dai sun sayi gwiwata ta dama da rabin kunnen hagu, ban kuma tuna ranar da muka yi cinikin ba.

Alhamis, 24 ga Janairu

Ina ta juya maganar nan tata, "ka tashi a tsakiya."

Na san inda ta dosa. Ranar jana'izar uwarta, a zauren coci, mata na ta kawo shayi da burodi, kowa sai ya kama hannuna ya faɗi abu ɗaya. Na fita ɗumama mota. Dusar ƙanƙara ake yi, ga tsofaffi za a kai gida, ba ƙarya na yi ba. Na dai zauna a ciki har zauren ya watse. Da ta fito ta buɗe ƙofa ta ce, "Kai kullum kana cikin mota." 

Ranar da ta gama makarantar nas ma haka. Bikin ƙanen Loretta ma.

Mahaifina haka yake yi. Bai taɓa ce wa uwata komai mai daɗi ba, amma ba ta taɓa zama a kujera mai sanyi ba. Mu a wurinmu wannan magana ce. Yaran yanzu sai an faɗa musu da baki.

Duk da haka tana da gaskiyarta. Ita kaɗai ta tsaya ta karɓi gaisuwar mutanen nan.

Lahadi, 27 ga Janairu

Na rubuta mata, "Zan zo." Ta amso, "To."

Alhamis, 31 ga Janairu

Ranar wasan ta faɗo a cikin dutina. Hutun Cyril ne makon, na roƙe shi ya riƙe min. Ya ja min rai har kofinsa ya huce, sannan ya ce zai yi, da sharaɗin in kawo masa rigar wasan mai sunayen garuruwa a baya, babba, kuma in rantse na ga ƙarshe da idona. Na ce me ya shafe shi da ƙarshe. Ya ce, "Ni ba don kai nake yi ba, ɗan banza. Don yarinyar."

Mai surutu ne, amma zai bar matarsa a Gander tana jira saboda ni. Na rubuta a nan don kada in manta ranar da ya ɓata min rai.

Talata, 5 ga Fabrairu

Na nemi hotunansu na yanzu a waya. Da ban nema ba. Dermot, mai waƙar, ya yi tumbi, ga tabarau. Mai gangar ainihi ya mutu, sun sa wani yaro. An ce gani ya kori ji. Ni tsoron da nake ke nan, kada ganin ya kore min abin da na daɗe ina ji.

Juma'a, 8 ga Fabrairu

Na tuƙo zuwa Edmonton. Hanya fara fat, manyan motoci na watso gishiri. A-kori-kurata ta yi tari sau biyu a Wandering River, batirin ya tsufa, na sani. Na sauka a ƙaramin otal, na jona injin da wuta ya kwana da ɗumi. Corinne ta ce in kwana a gidanta, na ce na riga na biya. Ta ce, "Yadda ka ga dama."

Ban riga na biya ba.

Asabar, 9 ga Fabrairu, da rana

Rediyo ya ce sanyi zai kai digiri talatin da biyar ƙasa da sifili da dare, ban da iska. Filin ajiye motoci na wurin wasan babu inda ake jona wuta, na tambaya. Motar da ta tsaya a wannan sanyin tun magariba, in ba a tashe ta da wuri ba, sai dai a yi mata addu'a.

Na aske gemu. Na sa rigar da Loretta ta saya min. Ta yi min yawa.

Lahadi, 10 ga Fabrairu

A kan kujerar falon Corinne nake rubuta wannan. Bari in bi shi daki-daki tun ban fara gyara labarin ba.

Na ɗauke ta a ƙofar gidanta. Ta rame, ta yanke gashi. Muka yi maganar hanya da maganar asibitinsu, maganar ta ƙare tun ba mu wuce gada ba.

Zauren ya cika da furfura. Rabin mutanen 'yan gida ne, daga bakinsu za ka ji. Wata mata a layin shiga ta dube ni ta ce, "Kai ɗan gidan wa ne, masoyi?" Na ce Pardy, na Fortune Bay. Ta ce ta san wani Pardy mai ido ɗaya, na ce kawuna ne. Ta rungume ni kamar na dawo daga yaƙi. Corinne ta juya kai tana danne dariya.

Wasu yara suka fara buɗe fili da hayaniya. Na sa abin toshe kunnena na wurin aiki. Aka kashe fitilu, sai ga su.

Tsofaffi huɗu da yaro ɗaya. Dermot ya fito yana ɗingishi kamar ni. A gaban ƙafarsa akwai allon da yake leƙa baitoci, na gani da idona. Waƙoƙin da na haddace a bayan sitiyari, mai su yana karantawa. Raina ya ɓaci. Inda muryarsa take hawa sama a kaset, yanzu sai ya miƙa wa jama'a makirufo su hau masa.

Amma in faɗi gaskiya. Da mai jitar ya taɓa wayoyinsa na farko, abin ya shigo min ta ƙirji, ba ta kunne ba, kamar lokacin da tifa ke hawa gangare da cikakken kaya. Yatsun mutumin nan ba su tsufa ba. Kuma a kaset ba ka ganin yadda suke kallon juna kafin su juya kiɗa, ɗan ɗaga gira kawai, kamar mutanen da suka daɗe a jirgi ɗaya. Na cire abin toshe kunnen. Rabin kunnen da ya rage, na ce a kashe shi a nan ya fi a kashe shi a rami.

Corinne ta san kowace waƙa. Kowace. Ban san ta sani ba.

Suka yi ta yi, ni kuma rabin hankalina na waje wurin batir. Can Dermot ya ɗaga hannu ya ce, "Mun gode, Edmonton. Allah ya kai kowa gida lafiya." Suka ajiye jita suka fice.

Ba su yi Fitilar Baya ba.

Na tsaya ina kallon dandamali babu kowa. Na ce a raina haka rayuwa take, ka jira abu tun kana saurayi, a ba ka komai ban da shi. A ƙauyenmu in mai kiɗa ya mayar da kayansa akwati ya ce sai da safe, to sai da safen ne. Na ɗauki kwat ɗina. Na ce mata, "An gama. Bari in je in tashi mota, ki fito a hankali."

Ta ce, "Ba su kunna fitilu ba."

Na ce mutumin ya yi sallama, da kunnena na ji.

Ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, da fushin ne da sauƙi. Ta ce, "Je ka, Baba." Ta ɗauki jakarta ta ɗora a kan kujerata.

Na tafi. Ina hawa matakala a duhu ina ba kaina gaskiya: an gama, ban tashi a tsakiya ba, ba ta da abin cewa. Na isa ƙofar waje. Mai gadin, wata dattijuwa mai rigar ruwan ɗorawa, ta sa hannu a ƙarfen ƙofa ta ce, "In ka fita ba dawowa, yallaɓai. Doka ce." Na ce ai an tashi. Ta ce, "Yau ka fara zuwa, ko?" Ta nuna ƙasa da haɓa.

Ƙasan na rawa. Mutanen ciki ne ke buga ƙafa, dubbai, a tare, har gilashin ƙofar na kaɗawa. Ta ce, "Haka ake yi. Su yi kamar sun tafi, ku yi kamar kun yarda, sai ku kira su. Mai daɗin suke ajiyewa."

Ta gilashi ina hango layin motoci, duk sun yi fari. Na san kowane minti da na ƙara, batirin nan mutuwa yake. Hannuna na kan makulli a aljihu. Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Matar ta ce, "Ciki ko waje? Kana shigo min da sanyi."

Sai na ji jitar. Sautin nan uku na farkon Fitilar Baya, a hankali.

Na koma. Da wannan gwiwar, a duhu, ina taka ƙafafun mutane ina ba da haƙuri. Na ɓata layi, na shiga na wasu, wani ƙato ya ce, "Ina za ka, kaka?" Kafin in same ta an ci rabin waƙar. Dermot ma ba ya yi, ya sauke makirufo, zauren ne ke yi masa. Duk waɗannan mutanen da suka tsaya a bayan jirgin nan kamar yadda na tsaya.

Ba ta kalle ni ba. Ta miƙa hannu ta ɗauke jakar daga kujerata ta rataya a kafaɗa, bakinta bai daina waƙar ba.

Ni ban yi waƙa ba. Muryata ba ta fito ba. Sanyin bakin ƙofa ne ya jawo.

Suka ƙara biyu bayan ita. Sannan aka kunna fitilu, kowa ya koma tsoho.

Motar ba ta tashi ba. Na murɗa, ta yi ƙas, ƙas, ta yi shiru. Na ce, "Kin gani?" Ta ce, "Na gani," sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, hawaye na daskarewa a fuskarta. Ni ban ga abin dariya ba. Da gaskiyata.

Masu jan mota suka ce garin duka su ake kira, sai mu jira. Muka taka zuwa wani shagon kofi. Na riƙe kofin don yatsuna su dawo. Na tambaye ta inda ta koyi waƙoƙin. Ta ce, "A motarka mana. In za ka ɗumama ta kakan ce, zo mu je, ƙaramar mata. Mu zauna kana sa kaset, ina zana abu a gilashi." Ta juya cokali a kofi. Ta ce, "Ni ɗumama motar bai taɓa damuna ba. Daina kirana da ka yi ne."

Na kurɓi nawa. Na ce kofinsu ya yi ruwa. Ta ce e, ya yi.

Litinin, 11 ga Fabrairu

Sabon batir. Jiya ta dafa naman gishiri da kabeji irin na gida, ba ta jiƙa naman sosai ba, gishiri kamar teku. Na cinye. Na wanke kwanuka, ta goge. Ta nuna min hotunan uwarta da ban taɓa gani ba, na asibiti, na watannin da nake nan ina duti. Na kalla duka. Akwai wanda da na gan shi na so in tashi in fita.

Da zan tafi da safe ta fito da kwat a kan rigar barci ta zauna a gefena har injin ya yi ɗumi. Ba mu sa waƙa ba.

Na manta rigar Cyril.

Laraba, 13 ga Fabrairu

Rami, inji, rami. Kunnen hagu na ta ƙara tun ranar Asabar, kamar sauro ya shige. Nas ɗin sansani ta ce me na yi masa. Na ce aiki.

Cyril ya ce ba riga, ba shaida, don haka bai yarda na ga ƙarshe ba. Na ce ya tambayi batirina. Ya ce, "To yaya suke?" Na ce sun tsufa, mai waƙar karantawa yake. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce mai jitar bai tsufa ba.

Lahadi, 17 ga Fabrairu

Corinne ta aiko da hoton rigar, ta samo ta a wani wuri, babba. Ta ce in zo in karɓa da kaina ranar Ista, ba za ta sa a gidan waya ba. Ta ce za ta gayyaci mutanen asibitinsu, masu surutu ne, in shirya.

Na kira wani gareji a Fort McMurray. Sun ce tsohuwar mota ma ana sa mata rimot, daga cikin gida sai ka danna. Na ba su ranar Alhamis ta hutuna.

Saboda gwiwata ne. Kada Cyril ya ji.